Ya Ce Ya Gaji da Rayuwa, Kun Ce Ya Rufe Muku Baki

Akwai wani zalunci da ya zauna daram a gidajenmu, har mun daina ganinsa zalunci. Mutum zai yi watanni abu yana cin ransa, barci ya ƙaurace masa, abinci ba ya shiga, sai wata rana ya yi ta maza ya ce wa na kusa da shi, "Ni fa na gaji da duniyar nan, da ma a ce babu ni." Kafin ya rufe baki an yi masa ca. Uwa ta ce, "Kul na ƙara jin wannan maganar a bakinka." Uba ya ce, "Me ka rasa a gidan nan, ci ko sha?" Yayansa ya ce ƙoshi ne ke damunsa. Idan matar aure ce, maigida ya ce neman fitina take yi, uwar miji ta ce sangarta ce irin ta 'yan zamani. Daga nan a kira wani ya zayyano masa azabar da ke jiran wanda ya kashe kansa, a watse kowa yana jin ya sauke nauyi.

Shi kuwa sai ya yi shiru, ku kuma ku ɗauka ya warke. Bai warke ba. Darasi ɗaya ya ɗauka daga zaman nan, cewa a gidan nan ba a faɗin irin wannan magana, kuma ba zai sake faɗa ba. Ranar da mai afkuwa ta afku, ku ne za ku zauna a tabarmar makoki kuna rantsuwa cewa bai taɓa nuna wata alama ba. Ya nuna. Da bakinsa ya faɗa muku, kuka toshe bakin.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum sama da 720,000 ne ke kashe kansu duk shekara, kuma kashi 73 cikin 100 nasu a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi suke, wato irin namu. A tsakanin matasa 'yan shekara 15 zuwa 29, wannan ne na uku a jerin abubuwan da suka fi ɗauke rai. Don haka mai cewa matsalar Turawa ce, mu Musulmi ba ta shafe mu ba, yaudarar kansa yake yi. Muna ganin kamar babu ita a cikinmu ne saboda mun iya rufa-rufa. A ce zazzaɓin dare ɗaya ne, a ce faɗuwa ya yi, a yi sauri a kai shi makwancinsa, a gargaɗi yara kada wanda ya kuskura ya faɗa a waje.

To me ake ɓoyewa haka? Sunan gida. Kowa ya san lissafin da ake yi a ɗaka: idan aka ji akwai mai taɓin hankali a zuriyar nan, wa zai auri ƙannenta, wa zai ba yayanta 'ya? A kan wannan lissafin ake hana yarinya zuwa asibiti, a ce kada wani ya gan ta a layin masu ganin likitan ƙwaƙwalwa. A kansa ake gaggauta aurar da ita ba tare da an gaya wa mijin komai ba, wai aure zai warware abin, ciwon ya tashi wata uku da biki, a sako ta, ta dawo da ciwo biyu. Kun auna ran 'yarku da maganar mutanen unguwa, maganar mutanen unguwa ta rinjaya. Ku faɗa wa kanku gaskiyar nan ko da ba za ku faɗa wa kowa ba.

Wannan ɓoyon yana da matakai, kuma mun ga inda yake ƙarewa. A watan Agusta na 2020 'yan sanda a Kano suka fito da wani mutum da aka kulle shekara 7 a garejin gidansu, ya rame har ba ya iya tsayuwa da ƙafarsa. A watan Satumba na 2019 aka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna, aka sami maza da yara sama da 300, da yawansu da mari a ƙafa da tabon duka a gadon baya. Makonni kaɗan bayan haka aka buɗe irinsa a Daura da cikin Katsina. A Nuwamban shekarar, ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoton wurare 28 da ta ziyarta a Najeriya, ta ce ta ga ana ɗaure masu lalurar ƙwaƙwalwa a wuraren Musulmi da na Kirista da na masu maganin gargajiya, har da asibitocin gwamnati. Duk ƙasa ta ɗauki salati, aka yi ta tsine wa masu gidajen mari. Amma wa ya kai yaran? Mafi yawansu 'yan uwansu ne suka riƙo hannunsu suka miƙa, suna kuma biyan kuɗi. Wasu shaye-shaye ne ya kai su, wasu ciwo ne a ƙwaƙwalwa, kuma dukkansu magani suke buƙata. Sarƙa ba ta taɓa warkar da ko mutum ɗaya ba.

Sai babbar sandar da ake dukan mara lafiya da ita, wato zargin raunin imani. "Da kana da tawakkali da ba ka shiga wannan halin ba." "Mumini ba ya damuwa." Ina aka samo wannan? Alƙur'ani ya ba mu labarin Annabi Yaƙub, wanda baƙin cikin rabuwa da Yusuf ya kai idanunsa suka yi fari, kuma Annabi ne ɗan Annabi. Ya ba mu labarin Nana Maryam, wadda a tsananin naƙuda da fargabar abin da mutane za su ce ta yi fatan da ma ta mutu kafin wannan rana, kuma amsar da ta samu lallashi ce da ruwa da dabino. Shekarar da Manzon Allah (SAW) ya rasa Nana Khadija da Abu Ɗalib, malaman tarihi shekarar baƙin ciki suka sa mata suna. A cikin Bukhari, Nana A'isha tana umartar a dama talbina a ba mara lafiya da wanda aka yi wa rasuwa, domin ta ji daga Manzon Allah cewa tana sanyaya zuciya tana rage baƙin ciki. Ga shi nan ƙarara, abin da ake sa wa a ciki yana taɓa abin da ke zuciya. Kuma shari'ar nan ita ce ta ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe har sai ya dawo. Allah ya ɗauke masa hisabi, kai kuma ka ɗauko bulala.

Magabatanmu ba su ga karo tsakanin addu'a da asibiti ba. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya rubuta littafi a kan lafiyar jiki da ta rai, ya bambanta baƙin cikin da aka san dalilinsa, kamar rasuwa ko asara, da wanda ke sauko wa mutum ba gaira ba dalili ya hana shi walwala, ya ce wannan na biyun tushensa a jiki yake, kuma yana buƙatar magani. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana da sashen masu taɓin hankali. Musulmi sun san wannan shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Mu ne muka ci baya, muka kuma lulluɓe cibayan da rigar addini.

Kashe kai haramun ne, babban zunubi ne, babu mai jayayya. Shi ma mai wannan tunanin ya sani, ya sani fiye da kai, domin tsoron nan ne ke hana shi barci. Abin da ya rasa shi ne hanyar fita daga azabar da yake ciki. Idan ka ƙara masa da cewa shi ɗan wuta ne, ka tabbatar masa da abin da ciwon ke raɗa masa dare da rana, cewa shi ba shi da amfani, Allah ma ya yi fushi da shi. Malam, kai da kake hawa mumbari duk Juma'a, a cikin sahun da ke gabanka akwai mai wannan tunanin. Sau nawa ka taɓa ce wa jama'a ciwon damuwa ciwo ne, a je asibiti? Kalma ɗaya daga bakinka ta fi ta likita goma tasiri a wurin mahaifin da ya kafe.

Ba na musun ruƙiyya, kuma ba na hana kowa addu'a. Abin da nake tsawatarwa a kai shi ne a mai da kowane ciwon ƙwaƙwalwa aljani ko sammu, a shekara ana yawo da mara lafiya daga wannan mai magani zuwa wancan, ana turara masa hayaƙi har numfashinsa ya sarƙe, ana zane shi wai aljanin ake duka, alhali fatar ɗanku ce ke fashewa. An sayar da akuya, an sayar da gona, an zargi kishiya, an raba zumunci da 'yar uwar uba, ciwo kuma yana ƙara kama jiki. Ciwon nan da ke sa mutum jin muryoyi da zargin kowa na neman ransa, likitoci sun tabbatar cewa gwargwadon jinkirin fara maganinsa gwargwadon wahalar shawo kansa. Duk watan da aka ɓata, an cire shi ne daga lafiyar da yaron zai iya samu. Mai ruƙiyyar da ke tsoron Allah zai yi addu'arsa ya ce muku ku wuce asibiti. Wanda ya ce kada ku kuskura ku ba shi maganin Bature domin aljanin zai fusata, abincinsa yake karewa. Haɗa hannu tsakanin asibiti da masu maganin gargajiya ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara shi a Aro ta Abeokuta: marasa lafiya suna zaune a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan uwansu, suna karɓar maganin asibiti, masu maganin gargajiya kuma suna taimakawa. Duniya ta yaba da tsarin, shi kuma ya kai ga zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya.

Wani abin takaicin shi ne ciwon damuwa ba kasafai yake zuwa mana da sunansa ba. Bahaushe ba ya zuwa asibiti ya ce ransa a ɓace yake. Cewa zai yi kansa na ciwo, gabansa na faɗuwa, jikinsa ya mutu, wani abu na yi masa yawo a jiki, barci ya ƙi. Sai a nufi kemis, a haɗo masa maganin taifot da maleriya, a sake haɗowa bayan sati uku, a sake. Alhali labarin zuciya a tambayi fuska. Mutumin da ya fi sati biyu cikin ƙunci, ya bar abin da ya saba jin daɗinsa, ya daina zuwa majalisa, ya daina wanka, yana ganin kansa nauyi ne a kan iyalinsa, wannan likita yake buƙata. Idan kuma ya fara neman yafiyar mutane ba dalili, yana rarraba kayansa, yana ba da wasiyyar 'ya'yansa, ko ya yi wani irin sanyi farat ɗaya bayan dogon ƙunci, to abin ya kai gargara. Da sukarinsa ne ya hau ya faɗi a tsakar gida, babu wanda zai tsaya yi masa wa'azin tawakkali, mota za a nema. Wannan ma haka yake.

Maigida, matarka ta haihu, an sha suna, an yanka rago, 'yan barka sun watse. Ita kuma kullum kuka, ba ta son ɗaukar jaririn, ko kuma tana tsoron kada ta cutar da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 na shiga lalurar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, galibi ciwon damuwa. Kai ka kula da itacen wankan jego da kunun kanwa, amma ba ka taɓa zama ka tambaye ta abin da ke ranta ba. Da ta faɗa, ka ce ta gode wa Allah, wasu nema suke ba su samu ba. Ta san da haka, kuma shi ya sa take jin ita muguwar uwa ce. Idan har ta kai ga ruɗewa, tana surutai, ta kwana biyu ba ta runtsa ba, to ranar nan za a kai ta asibiti, domin ranta da na jaririn duka suna cikin haɗari.

Maza kuma mun gina musu kurkuku da kalmar "namiji". Kasuwa ta karye, bashi ya yi katutu, mai gidan haya na sallama, yara an koro su daga makaranta, amma namiji ba ya kuka, namiji ba ya kai ƙara. A duniya baki ɗaya, mazan da ke kashe kansu sun ninka mata fiye da sau biyu. Abokinka da ya daina fitowa, kuka ce girman kai ya fara, wa ya taka ya je ya duba shi? Haka waɗanda suka dawo daga hannun 'yan bindiga a Zamfara da Katsina da Sakkwato, da waɗanda Boko Haram ta kashe nasu a gaban idonsu. Muna zuwa jaje, mu ce Allah ya kiyaye gaba, shi ke nan. Yarinyar da ta yi wata uku a daji tana firgita cikin dare, ƙarar babur na sa ta fitsari a tsaye, ana ce mata ta manta, ya wuce. A wurinta bai wuce ba, kuma akwai masu ilimin da aikinsu ke nan, su taimaka mata ya wuce.

Sannan ga dariyar da muke yi. Mun mai da asibitocin ƙwaƙwalwa na Dawanau da Kware abin zolaya, wanda duk ya yi abin da ba mu gane ba sai a ce a kai shi can. Yara na bin mara lafiya da jifa a titi, manya na zaune suna kallo. A finafinanmu, mai taɓin hankali abin ban dariya ne. Yanzu kuma an samu waya: mutum na cikin mafi munin ranar rayuwarsa, wani ya ɗauke shi bidiyo ya watsa a Facebook da TikTok. Duk mai ciwon da ke ɓoye yana kallon wannan, yana kuma ƙudurta cewa gara ya mutu da abinsa a ciki da a yi masa haka. Dariyarka na cikin abin da ya hana shi zuwa asibiti.

Hukuma ma tana da nata kason. Har zuwa farkon 2023, lokacin da aka sanar cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ƙasar nan da dokar 1958 take aiki, wadda tushenta na zamanin mulkin mallaka ne. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, kuma ana ta rasa su zuwa ƙasashen waje. Dokar Penal Code da Arewa ta gada tun 1960, a sashe na 231, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 1 ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Mutum ya kuɓuta da ƙyar, maimakon gadon asibiti a nuna masa kotu. Wace uwa ce za ta kai ɗanta asibiti tana tsoron 'yan sanda? Ghana ta soke irin wannan doka a 2023, kuma babu dalilin da zai sa 'yan majalisunmu su kasa. Amma kada wani ya fake da gazawar gwamnati. Ba gwamnati ce ta ce ka daka wa ɗanka tsawa ba.

Abin da ake nema a wurinka ba ya buƙatar digiri. Idan ka ga alamun nan, ka ja shi gefe inda babu kowa, ka tambaye shi kai tsaye: "Kana tunanin kashe kanka ne?" Mutane na tsoron wannan tambaya, wai za ta sa masa tunanin. Bincike ya nuna ba ta sawa, sau da yawa ma sauƙi take kawowa, domin a karon farko wani ya yarda ya ji. Idan ya ce e, ka riƙe salatinka da wa'azinka, ka saurara har ya gama. Kada ka ce wasu sun fi shi shiga uku. Ka ce masa ka ji, kana tare da shi, kuma za ku nemi taimako tare. Idan ya ce ka rantse ba za ka gaya wa kowa ba, kada ka rantse. Kada a bar shi shi kaɗai, a kuma kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi daga inda hannunsa zai kai, domin tsananin wannan tunani yakan taso ne ya lafa, kuma wanda aka tsallakar da shi wannan sa'ar yawanci yana rayuwa. Mafi yawan waɗanda aka ceto daga yunƙurin kashe kai ba ta wannan hanyar suke mutuwa daga baya ba.

Wuraren zuwa suna nan, ko da ba su wadatar ba. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano. Akwai sashen ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Jos. A Nijar akwai shi a babban asibitin ƙasa na Yamai. Wanda ya yi nisa da waɗannan ya fara da babban asibitin da ke kusa, ya faɗi gaskiyar abin da ke faruwa, a tura shi inda ya dace. Ƙungiyoyi irin su SURPIN da MANI da She Writes Woman suna sauraron mutane ta waya da intanet. Idan an ba da magani, a sani yakan ɗauki sati 2 zuwa 6 kafin a ga aikinsa, don haka kada a watsar a kwana biyar a ce bai karɓe shi ba, kada kuma a daina da an ga sauƙi sai likita ya ce. Da yawa daga magungunan nan tsofaffi ne masu araha, ba su kai kuɗin ragon da aka ce ku yanka ba. Kada dai a saye su a kemis da ka. Kuma magani ba ƙwaya kaɗai ba ce, zama da masanin halayyar ɗan Adam ana tattaunawa shi ma magani ne mai aiki.

Kai kuma ɗan uwana, ke 'yar uwata, da kike karanta wannan da nauyin nan a ƙirjinki: ba ki kafirta ba, ba ki haukace ba, kuma ba ke ce ta farko ba. Ciwo ne ke gaya miki cewa iyalinki za su huta idan babu ke, kuma ƙarya yake yi. Ana warkewa daga wannan, mutane da yawa sun warke sun koma harkokinsu. Yau ɗin nan ki gaya wa mutum ɗaya da kika amince da shi. Idan ya daka miki tsawa, laifinsa ne, ki gaya wa na biyu. Idan kina jin ba za ki iya riƙe kanki zuwa safiya ba, kada ki zauna ke kaɗai: ki tashi wani ya raka ki sashen gaggawa na asibiti mafi kusa, ko ki kira 112.